Takunkumi Uku da Haƙoran Mama

A gidanmu Rediyo suke ce mini, kuma ban taɓa fushi da sunan ba, don ni ma na san halina. In kana so magana ta zaga dangi kafin la'asar, ka faɗa mini ita da hantsi, ka ƙara da cewa kada kowa ya ji. Amma duk da wannan baƙin suna, akwai sirri ɗaya da na riƙe shekara goma sha ɗaya cur, ko mijina bai taɓa jin ƙamshinsa ba. Mahaifiyarmu ba ta da haƙori ko ɗaya a bakinta. Na roba ne, sama da ƙasa.

Baba kuwa tsohon direban babbar mota ne, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha labarin wushiryar Mama. Wai a tasha ya fara ganinta tana sayar da abinci, ta yi dariya, ya hango 'yar ƙofar nan tsakanin haƙoranta na gaba, ya bar mota a kunne har fasinjoji suka fara zaginsa. Har yau Amarya yake kiranta, bayan shekara arba'in da shida. To da ciwon dasashi ya cinye haƙoran, sai Mama ta fake da haihuwar autana, ta tare a gidana wata biyu wai tana taya ni reno. Jaririn kam ni na yi renon abina. Ita tana can wurin likitan haƙori tana yi masa masifa sai ya bar mata wushirya a na robar. Ranar da za ta koma gida ta kama kunnena, kamu na gaske, ta ce in Direba ya ji wannan magana daga bakina, ba ita ta haife ni ba.

Ciwon huhu kuma tsohon abokinta ne. Shekara ashirin da wani abu tana tsugune gaban murhun itace, hayaƙi ya ci rabonsa. Mun saba da tarinta da ɗan abin shaƙarta. Amma ranar wata Talata da safe, ina shirin fita makarantar da nake koyarwa, Baba ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

"Uwata, zo. Numfashin Amarya ya ƙi."

Layi uku ne tsakaninmu. Na tarar har ya sa ta a bayan 'yar motarsa, kafaɗunta na hawa suna sauka, gumi ya jiƙa mata goshi. Hannu ɗaya ta riƙe kujerar gaba, ɗayan kuma ta danne mayafi a kan bakinta. Ina ganin wannan dannewar na gane abin da ake ciki: ciwon bai ba ta sukunin saka haƙoran ba. Mace tana kokawa da ranta amma ba ta manta da rufe baki ba. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na zauna kusa da ita na kare ta daga madubin direba.

A ɗakin gaggawa gado takwas ne, kowanne da labulensa mai ruwan toka. Suka jingina ta a zaune, suka maƙala mata wani abu a yatsa, aka ɗebi jini a wuyan hannunta. Likitan wani siririn mutum ne da ba ya ɓarnar kalma. Bayan 'yan mintoci ya dawo da 'yar takarda ya tsaya gabanmu ni da Baba.

"Huhunta ya gaji," ya ce. "Iskar da ya kamata ta fitar tana taruwa a jininta, shi ya sa kuke ganin tana gyangyaɗi. Ba barcin hutu ba ne. Za mu sa mata inji mai tura iska ta takunkumi, ya taya ta. Bayan awa ɗaya mu sake ɗibar jini. In ya yi kyau, shi ke nan. In bai yi ba, sai mu sa ta barci mu zura bututu ta maƙogwaro. Ba na son mu kai can. Mai huhu irin nata, sa bututun ba shi ne wahala ba, cire shi ne."

Baba ya ce, "To a yi takunkumin, likita." Ni kuwa maganar cirewar ce ta tsaya mini a rai. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Mama tana gyangyaɗin amma kunnenta na aiki. Jin za a taɓa fuskarta, ta buɗe ido, ta harare ni, ta nuna Baba da yatsa, ta nuna ƙofa. Umarni ya fito ke nan.

"Baba, inda ka ajiye motar nan hanyar motar asibiti ce. Je ka gyara kafin su sace maka iskar taya."

"Uwata, akwai wata 'yar magana..."

"Maganar ta jira, Baba. Motar tukuna."

Ya tafi yana waiwaye.

Wadda ta zo da injin wata nas ce gajera, kakkaura, tabarau a goshi, kowa Sista yake ce mata har likitan. Injin bai fi ƙaramin akwati ba, a kan sanda mai taya, da doguwar roba. A ƙasansa ta jero takunkumai cikin leda, manya da ƙanana.

"Injin nan ba ya ba ni wahala," ta ce tana warware robar. "Rigimar duk a takunkumi take. Murfi ne. In bai hau bakin tukunya daidai ba, tururin gudu yake yi, abinci ya ƙi nuna. Mama, sannu. Bari mu ga fuskar nan."

Ta janye mayafin a hankali. Na daɗe ban ga fuskar mahaifiyata haka ba. Kumatun sun faɗa ciki, haɓar ta tashi tana neman hanci, ta zama wata 'yar tsohuwa da ban sani ba. Sista ta ɗora wani ɗan kati na awo daga tsakanin idanunta zuwa ƙasan leɓe, ta karkatar da kai.

"Tana da haƙoran roba?"

A daidai lokacin na hango inuwar hular Baba a jikin labule. Har ya dawo. Shekara goma sha ɗaya ina horar da harshena, yau bai jira shawarata ba.

"Wane irin na roba? Babu."

"To, mu yi da abin da muka samu."

Na zura kai waje, na riƙe labulen gam ta bayana. "Baba, ruwa. Babbar gora. Ba na bakin ƙofa ba, na kantin tsallaken titi."

"Uwata, ki tsaya ki ji..."

"Baba, mutum na kwance kana so a yi hira?"

Takunkumi na farko mai rufe hanci da baki ne, mai kusurwa uku, da roba mai laushi a gefensa. Sista ba ta ɗaure shi nan take ba. Ta riƙe shi da hannu a fuskar Mama tana lallashinta, "Ki bar shi ya tura, Mama, kada ki yi kokawa da shi," sai da ta ga ta ɗan saki jiki sannan ta zagaya da maɗaurai ta bayan kai. Injin ya ja, ya tura.

Sai muka ji wata ƙara. Na nemi suna mai ladabi da zan ba ta na rasa. Tusa ce sak, doguwa, mai rawar murya a ƙarshe. Iskar ce ke kuɓucewa ta ramin kumatu tana kaɗa gefen robar. Injin ya sake turawa, ta sake fita, wannan karon ta hagu. Wata tsohuwa a gadon kusa, wadda tun zuwanmu ko motsi ba ta yi ba, ta ɗaga murya ta bayan labule.

"Haba jama'a! A asibiti ma ba za a ji tausayin mutane ba?"

Dariya ta ƙwace mini tare da hawaye. Mama ta buɗe ido ɗaya ta yi mini kallon da na san fassararsa tun ina 'yar shekara biyar. Injin kuma ya fara kuka, wata lamba tana ƙyaftawa ja a fuskarsa.

"Wannan lambar iskar da ke gudu ce," Sista ta nuna mini. "Kaɗan dole ne. Kin ga 'yan hujin nan na gaba? Da gangan aka yi su, ta nan gurɓatacciyar take fita, kada ki kuskura ki toshe. Amma ta kumatun nan ta yi yawa. Tusa ba ta hura wuta."

Aka kira ta wani gado. Ni kuma malamar makaranta ce, na saba in abu ya ƙi zama a matsa masa. Na ja maɗaurin dama, na ja na hagu, na ƙara da na goshi har sai da robar ta lotsa. Ƙarar ba ta tafi ba, murya kawai ta canza, ta koma siririn fito, iskar ta fara busa wa Mama ido. Da Sista ta dawo ta gani, sai da ta sauko da tabarau kan hanci.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Gani na yi yana yoyo."

"Sai kika ce bari ki ɗaure buhu. Anti, garin neman gira za ki rasa mana ido." Ta sassauta, ta ɗaga takunkumin. Karan hancin Mama ya yi ja, robar har ta shata layi. "Laushin nan iska ce ke kumbura shi ya manne da fata. Kin matse shi, kin kashe shi. Yatsa biyu su shiga ƙarƙashin maɗauri, ita ce ƙa'ida. 'Yan awoyi a haka hancin nan gyambo zai zama, daga nan kuma ba takunkumin da zai ƙara hawa."

Na ja da baya na ba ta wuri. Ba kasafai ake samuna a haka ba.

Na biyu ɗan ƙarami ne, hanci kaɗai yake rufewa. Sista da kanta ta ce ba da shi ake farawa ba ga mai haki irin wannan, amma da yake ba ruwansa da kumatu, bari a gwada. Aka gwada. Iska ta shiga ta hanci, ta yi sallama ta fita ta baki, leɓunan Mama suna ta karkarwa. Sista ta tallafe mata haɓa, ta ce ta rufe baki. Mutumin da ke neman iska ta ko'ina ka ce ya rufe baki? Ko minti biyar bai yi ba aka cire shi.

Na ukun babba ne, garau kamar kwanon gilashi, daga goshi har haɓa.

"Wannan shi ne gatan marasa haƙori da masu ciwon hanci," in ji Sista. "A gefen fuska yake zama, ba ya taɓa karan hanci. In ta yarda da shi mun huta."

Ba ta yarda ba. Mama ko lifta ba ta shiga, ko a sanyi ba ta lulluɓe kai da bargo. Ana kifa mata shi idanunta suka firfito, macen da ɗazu ba ta iya ɗaga hannu sai ga ta tana yaƙushin robar da hannu biyu, abin yatsan ya yi tsalle ya faɗi ƙasa. Sista ta cire, ta bari ta huce, ta yi mata bayani a kunne, ta sake gwadawa. Gwaji na biyun ya fi na farko muni. Ganin tsoron da ke idon mahaifiyata ta cikin gilashin nan, ni na fara cewa a cire.

Muka koma kan takunkumi na farko. Sista ta koya mini yadda zan sa tafukan hannuna in turo kumatun sama su haɗu da robar. In na riƙe daidai ƙarar ta ragu, in hannuna ya gaji ta dawo. Ina tsaye a sunkuye haka inuwar hular nan ta sake bayyana.

"Na kawo ruwan, Uwata. Ko za ki ɗan fito..."

"Ajiye nan, Baba. Ka fita waje ka kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya, nan ciki waya ba ta shiga."

Waya tana shiga sarai. Inuwar ta ɗan tsaya, sannan ta juya.

Awa ta cika, aka ɗebi jini. Bayana ya sage, hannuwana sun mutu, Mama kuma sai an kira ta sau biyu take buɗe ido. Likita ya dawo da 'yar takardarsa, tun daga tafiyarsa na san amsar.

"Bai sauka ba. Ya ma ɗan ƙaru." Ya dubi lambar injin, ya dubi Sista. "Rabin iskar a ɗaki take ƙarewa. Na ce su shirya gado a sama, ɗakin kulawa ta musamman. Zan ƙara awa ɗaya, don har yanzu tana amsawa. In ta daina amsawa ba zan jira awar ba."

Ya tafi. Sista ta gyara maɗaurin goshi tana magana da kanta. "Ga inji, ga takunkumi, ba wurin zama. Da tana da na roba da tuni mun wuce wurin. Kumatu su cika, murfi ya zauna."

Na ɗago kai da sauri. "Sista, ba cire su ake yi ba a asibiti?"

"In za a zura bututu ake cirewa. A wannan kuwa, in suna kama dasashi da kyau kuma mutum na farke, barinsu muke yi." Hannunta ya tsaya cak. "Anti. Kalle ni."

"Akwai," na ce. "Suna gida."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Agogon ƙirjinta kawai ta duba ta ce, "Awa ɗaya da kwata muka ɓata." Na fara kame-kame, ina cewa mijinta bai sani ba, rantsuwa aka sa ni. Ta katse ni. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wa zai ɗauko?"

Nan fa ake yinta. Gida minti arba'in ne in hanya ta yi kirki, ni ban iya tuƙi ba, kuma ban san inda take ɓoye su ba, don ko ni ba ta taɓa nuna wa ba. Na sunkuya kunnenta. "Mama, ina kike ajiye su?" Leɓunanta suka motsa a cikin robar, ba abin da ya fito. "Mama, in aiki Baba?" Yatsanta ya ɗaga da ƙyar, ya kaɗa sau ɗaya alamar a'a, ya faɗi kan zanin gado. Faɗuwar yatsan nan ce ta yanke mini shawara. Na ce a raina ta tashi ta tsine mini, in dai za ta tashi.

Sista ta karɓi kumatun, na fita.

Baba na zaune a benci a baranda, hula a gwiwa, waya a hannu. Ganina ya miƙe.

"Baba, gida za ka koma yanzu. Akwai wani abu a ɗakin Mama."

"Wane abu?"

"Wani ɗan abu ne. A cikin wani abu."

"To. A ina?"

"Ban sani ba. Ka duba ko'ina. In ka gan shi kada ka buɗe."

"In ban buɗe ba ta yaya zan san shi ne?"

Ni Rediyo, yau batir ya mutu. Na ga ba makawa, na runtse ido na ja numfashi. "Baba, Mama ba ta da..."

"Tsaya." Ya ɗaga hannu. "Kada ki faɗa. Ta hana ki, ko? To ba ki faɗa ba."

Ya zura hannu aljihun gaban rigarsa ya ciro hankici a ƙudundune. Ya warware kusurwa ɗaya. Wata 'yar roba ce mai shuɗin murfi, ruwa na motsi a cikinta.

Na tsaya baki buɗe. Da maganar ta dawo mini kuwa, da ƙarfinta ta dawo, har mai goge baranda ya waiwayo.

"Tun yaushe suke aljihunka?"

"Tun gida."

"Baba! Awa biyu! Ana maganar bututu kana zaune da su a aljihu kamar makullin mota?"

"Sau uku ina zuwa," ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Na gyara mota, na sayo ruwa, na buga waya. Da na sake leƙawa ƙila kasuwa za ki aike ni. Ni ban san magani ba ne, Uwata. Don kunyarta na ɗauko, kada ta farka cikin mutane haka. Magani ne?"

"Maganin ke nan gaba ɗaya."

Fuskarsa ta canza. Ya danƙa mini robar. Ya kamata in ruga, amma Rediyo ko a bakin rami sai ta yi tambaya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Ranar da ta dawo daga gidanki. Wushiryar asali ta ɗan karkata hagu. Likitan haƙorin nan ya miƙe ta kamar layin titi. Shekara talatin ina tuƙi, kusa ɗaya ta kwance a mota sai na ji, sai bakin matata ne zai canza ban sani ba? Kullum da safe ina juya fuska bango ina minshari har sai na ji murfin nan ya yi ƙwas. Jeki mana! Ki ce a jakarta kika gani."

Na shiga da gudu. Sista ta dubi robar, ta dube ni. "Gidan naku a bayan asibiti yake?"

"A benci yake."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta ɗauraye su a famfo, ta ɗaga takunkumin, ta girgiza kafaɗar Mama da ƙarfi. "Mama! Buɗe ido. Ga kayan adonki." Idon ya buɗe rabi. Tana ganin abin da ke tafin Sista hannunta ya taso da kansa, na sama, na ƙasa, motsi biyu, kamar mai ɗaura ɗankwali a duhu. Sista ta sa yatsa ta girgiza su ta ji sun kama. Ni kuwa ina kallo mahaifiyata ta dawo: kumatu suka cika, haɓa ta koma mazauninta, har hararar ta fi kyau.

Sista ta sake ɗora katin awo. "Kin gani? Ɗazu ƙarami, yanzu matsakaici. Ashe fuskar wata muke ta aunawa." Ta yaga sabuwar leda, ta manna wata 'yar filasta mai taushi a kan jan karan hancin, ta ɗora takunkumin, ta ɗaure, ta zura yatsa biyu ƙarƙashin maɗauri tana kallona don in ji da kyau. Injin ya ja, ya tura.

Shiru. Sai siririn hucin 'yan hujin gaba. Ya sake turawa, ƙirjin Mama ya taso tare da shi, ya sauka tare da shi. Jar lambar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta daina ƙyaftawa.

Daga bayan labule tsohuwar nan ta ce, "Alhamdulillahi, cikin ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi, baiwar Allah."

Sista ta nuna mini wani ɗan maɓalli a gefen haɓa, ta ce in amai ya taso ko na kira ta ba ta amsa ba, in ɓalle shi in ƙwala kira. Na zauna a bakin gado na riƙe hannun Mama. Ban taɓa yin minti arba'in ban yi magana ba sai ranar. Duk bayan ɗan lokaci in ce "Mama," ta matse mini yatsa. Da farko matsin kamar na jariri, can sai na ji ya fara zafi, can kuma ta fizge hannunta ta nuna mini ɗankwalinta da maɗauri ya karkatar, wai in gyara.

Aka ɗebi jini na uku. Likita ya dawo, ya karanta takardar a gabanmu sau biyu.

"Ya fara sauka," ya ce. "Da sauran aiki, za ta kwana biyu da injin nan. Amma su ba wani gadon na sama. Ba bututu." Ya dubi Sista. "Me kika canza?"

"Fuskar," in ji Sista.

Ta ɗaga takunkumin na minti biyu don Mama ta jiƙa maƙoshi. Na miƙe zan kai wa Baba labari, sai na ji an cafke mini wuyan hannu. Muryar a dishe take, kalma biyu numfashi ɗaya.

"Wa ya... kawo su?"

"A jakarki na gani, Mama."

Ta daɗe tana kallona.

"Ban zo... da jaka ba."

Na dubi silin, na dubi injin, na dubi Sista, ita kuma ta ga dama ta shagala da naɗe leda. Ba wanda ya cece ni.

"Yana ina?"

"A benci."

Ta lumshe ido. Na zaci tsinuwar ce take tattarowa, na shirya karɓa. Sai na ga hawaye ɗaya ya gangaro ya tsaya a bakin filastar hancin.

"Ki ce masa... na yarda. A jaka... kika gani."

Sista ta mayar da takunkumin, injin ya ci gaba da aikinsa.

Baba bai zauna ba tun da na bar shi, yana tsaye daidai inda ya ba ni robar. Na ce, "Likita ya ce ba bututu." Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa, ya lalubi bencin ta baya ya zauna.

"Maganar jakar fa?"

"Ta ce in ce maka ta yarda."

Ya ɗago ya dube ni. Na ga maganar ta shiga, ta zaga, ta zauna. Dariya ta fara taso masa, kafin ta kai baki ta rikiɗe, ya kifa fuskarsa cikin hula, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba, kuma ban san inda zan sa idona ba, sai na sunkuyar da kai.

A lokacin na ga ƙafafunsa. Ta dama takalminsa ne na fita, baƙi, igiyar a kwance. Ta hagu silifas ɗin wankan Mama ne, ruwan hoda, rabin dunduniyarsa a ƙasa. A haka ya tuƙo mu, a haka ya tsallaka titi ya sayo mini ruwa.